Me ya sa kwaleji ba ta buɗe cibiyar binciken ma'auni ita kaɗai?

Tambaya: Malam, na ji an ce duk kwalejin da za ta buɗe cibiyar bincike kan ma'aunai sai ta haɗa gwiwa da hukumar ma'aunai ta ƙasa. Me ya hana ta yi ita kaɗai, tunda tana da malamai da ɗakunan gwaji? Kuma me ya rage a bincika game da mita da kilo?

Amsa: Abin da ya hana ta shi ne, babu ma'aunin da ke shaidar kansa. Sikelin da ke ɗakin gwaji, komai tsadarsa, ba a amincewa da abin da ya nuna sai an gwada shi da wanda ya fi shi inganci, shi ma wancan an gwada shi da na samansa, har a dangana da ma'aunin ƙasa, wanda ake kwatanta shi da na sauran ƙasashe ta hannun ofishin ma'aunai na duniya da ke kusa da birnin Paris, wanda yarjejeniyar mita ta 1875 ta haifar. Wanda ya yi karatun hadisi zai gane wannan nan take, domin isnadi ne, idan ya yanke a tsakiya magana ta yi rauni. Hukumar ƙasa ce ke riƙe da wannan silsila. A Najeriya, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ce, wato SON, kuma cibiyarta ta ma'aunai tana Enugu.

Ita ma hukumar tana da buƙatar kwalejin, saboda ba ta yaye ɗalibai, kuma aikin tantance kayan awo na yau da kullum ba ya barin ta zurfafa bincike. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne cibiyar JILA da ke Boulder a Amurka, wadda Jami'ar Kolorado da hukumar ma'aunai ta ƙasar, wadda yanzu ake kira NIST, suka kafa tare a 1962. Ma'aikatan hukumar suna zaune a harabar jami'ar suna duba ayyukan ɗalibai. John Hall na wannan cibiya yana cikin waɗanda suka auna gudun haske a 1972, aikin da ya share hanya har aka sake fayyace mita a 1983 da cewa tazarar da haske ke ci ce a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa. Wannan ya amsa tambayarka ta biyu: bincike ne ke ƙara inganta yadda ake fayyace mita. Shi kuwa kilo, sai a 2019 aka daina dogaro da dunƙulen ƙarfen da ke ajiye a Faransa a matsayin ma'aunin kilo na duniya.

Ba kowace kwaleji ce za ta kai nan ba, kuma a ganina ba dole ba ne. Wadda ta iya tantance sikeli da ma'aunin zafi da mitar lantarki ga masana'antu da asibitocin yankinta ta yi babban aiki. Sai dai kafin a sa hannu a yarjejeniya, ya kamata a rubuta ƙarara wanda zai riƙa biyan kuɗin mayar da kayan awo a sake tantance su lokaci zuwa lokaci, da wanda zai ɗauki nauyin wutar lantarki, domin awon tsawo na ƙa'ida ana yin sa ne a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius, kuma ɗakin da na'urar sanyayawarsa ke ɗaukewa da rana ba zai ba da sakamakon da wata hukuma za ta karɓa ba.