Amsa ga mai tambaya kan tallata haja a kafafen sada zumunta

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki, inda kika ce kina sayar da garin acha da yajin daddawa a nan Jos, kin yi watanni da buɗe shafi a Instagram, mabiya sun taru amma ciniki bai motsa ba, har kina tunanin ki biya kuɗin talla ko ki sayi ƙarin mabiya. Ni ma ɗan kasuwa ne, ina ɗaukar dankalin Turawa da kabeji da karas daga kasuwar Farin Gada ina tura wa gidaje da masu sayar da abinci a Abuja, kuma yawancin masu sayen kayana ta waya muka san juna.

Batun sayen mabiya ki bar shi. Na taɓa ba wani yaro kuɗi ya ƙaro mini su, da na duba sai na tarar da sunayen da ba na ƙasar nan ba, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayar kuɗin buhu.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin na fahimta shi ne, a Facebook da Instagram ganin mutum ake yi, amma a WhatsApp ake ƙulla ciniki. Mai saye zai ga hoton kaya ya wuce, sai ran da ya turo saƙo ya ce nawa ne mudu, to ranar ce ya zama naki. Don haka duk wanda ya yi miki magana, ki roƙe shi ya ajiye lambarki, ke ma ki ajiye tasa tare da sunan unguwarsa da abin da ya saya. Dalili kuwa, jerin aika saƙo ga mutane da yawa na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarki ba saƙon ba zai isa gare shi ba, haka ma sitatus, wanda yake ɓacewa bayan awa 24. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, ki jera kayanki da farashinsu a ciki. Ban yarda da ɗabi'ar nan ta ɓoye farashi a ce sai an shigo akwatin saƙo ba, domin uwar gida da ke Gwarinpa ko Kubwa tana duba waya ne tsakanin aiki da girki, idan ba ta ga kuɗin ba gaba za ta yi.

Ni har a littafi nake rubuta lambobin masu sayen kayana, kuma akwai dalili. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun tsaya cak na kusan awa shida, saboda duka ukun na kamfani ɗaya ne. Da yammacin ranar ina da kaya da za su kwana a tasha, kiran waya ne kawai ya fitar da ni. A shekarar ce kuma gwamnati ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, waɗanda suka jingina sana'arsu a can suka rasa inda za su sa kansu. Shafi kamar rumfar haya ne, mai rumfa yana iya rufewa ba tare da ya shawarce ki ba.

Game da abin da za ki riƙa ɗorawa, ki nuna aikin hannunki. Acha tana da yashi, kowa ya san wahalar wanke ta, saboda haka gajeren bidiyon da ke nuna yadda kike rairaye ta da shanya ta ya fi hoto goma da aka ɗauko daga intanet. Ni bidiyon da ya fi kawo mini ciniki shi ne wanda na zazzage buhun dankali a ƙasa, don a ga na ƙasan buhu daidai yake da na sama.

Tallan kuɗi yana aiki, amma sai an ƙayyade shi. Idan za ki biya, ki fara da kaɗan na 'yan kwanaki, ki zaɓi garin da za ki iya kai kaya, ki sa maɓallin da ke jikin tallan ya kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye, sannan ki ƙirga mutum nawa ne suka saya, ba nawa ne suka yaba ba. Kafin nan ki tabbatar kina da direba amintacce a tasha, domin daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga da Keffi tafiyar yini guda ce idan aka haɗa da jiran mota ta cika, kuma talla ba ya gyara sunan wanda kayansa suka makara. Kada ki saki kaya saboda hoton rasit da aka turo miki, sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin sun zauna. Alat na bogi ya taɓa cinye mini buhu biyu. Idan hali ya yi, ki yi wa sunan kasuwancin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ki buɗe asusu da shi, domin wanda bai taɓa ganinki ba ya fi sakin jiki ya tura kuɗi ga sunan da ya gani a shafin. Allah Ya sa albarka a neman.