Filin Tambaya da Amsa: Sau biyu an dawo min da babi na uku

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce ajin ƙarshe ina karanta tattalin arziki, firojet ɗina akan yadda mata masu sayar da kayan gwari a kasuwar Farin Gada suke amfani da taransfa da POS ne tun bayan ƙarancin takardun kuɗin da aka yi a farkon 2023. Sau biyu kenan sufabaiza, malamin da yake duba min aikin, yana dawo min da babi na uku, ya rubuta da jan biro wai hanyar binciken bata dace da tambayoyina ba. Gaskiya wani tsohon firojet na duba na bi tsarinsa na sa zan raba kwashiniya, wato takardar tambayoyi, guda 400, kuma kusan kowa a ajinmu haka yayi. Dan Allah ina kuskuren yake? Lokaci na ƙure min.

Daga wata ɗaliba, Anguwan Rogo, Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya miki albarka da kika faɗi gaskiya, don da yawa ba zasu yarda su ce kwafa suka yi ba. Toh malaminki yana da gaskiya, kar ki ji haushinsa. Babi na uku ba riga ba ce da za ki ara a wurin ƙawa ki sa, wancan mai tsohon firojet ɗin tambayarsa daban mutanensa daban, ke kuma kin ɗauko awonsa kin ɗora wa matan Farin Gada.

Ki koma babi na ɗaya ki karanta tambayoyin bincikenki da ƙarfi. In kina son sanin mata nawa ne suke karɓar taransfa, sau nawa a rana, nawa ake cire musu a wurin mai POS, wannan aikin ƙidaya ne, kwashiniya zata yi miki shi. Amma in a cikin tambayoyin akwai mai cewa me yasa wasu suka ƙi yarda da taransfa har yau, to wallahi akwatin da ake sa wa alama ba zai baki amsa ba, sai kin zauna kan benci kusa da kwandon tumatir kin bar mace tayi magana, a nan ne za ki ji labarin wanda ya nuna mata alat na ƙarya ya tafi da buhun kabeji, ko wadda asusun da ake tura kuɗin na ɗanta ne sai ta jira shi ya dawo kafin ta san ko kuɗi sun shigo. Ina zargin a nan malaminki ya tsaya, kin yi tambayar me yasa amma kin ɗauko kayan aikin ƙirga. Ba laifi ki haɗa biyun, kwashiniya ga masu yawa, hira mai zurfi da mata goma ko sha biyar, ki dai rubuta a fili wace tambaya ce kowanne zai amsa.

Sai maganar 400 ɗin nan, wadda take damuna sosai don kusan kowane kundi na buɗe sai na ganta. Daga ina ta fito? Lissafin Taro Yamane na 1967 da ɗalibanmu suke ambata don sanin mutum nawa za a tambaya, ana raba adadin mutanen ne da abin da ya fito in an ƙara ɗaya a kan adadin sau 0.05 sau 0.05, shi 0.05 ɗin kuwa shi ne kuskuren da aka yarda da shi, biyar cikin ɗari. Misali a ce matan 600 ne, 600 sau 0.0025, wato 0.05 sau 0.05, ya bada 1.5, ki ƙara ɗaya ya zama 2.5, ki raba 600 da shi ki samu 240. Da wannan 0.05 ɗin komai yawan jama'a amsar bata kai cikakken 400, kusantarta kawai take yi in mutane sun kai dubban ɗaruruwa. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ma, wanda shi ma yake nuna mutum nawa za a tambaya, a 384 ya tsaya, kuma ga mutum 600 cewa yayi 234. Kinga duk malamin da ya san aikinsa yana ganin 400 a kan mata masu kayan miya a kasuwa ɗaya ya san ba ki je ko'ina ba.

Saboda haka kafin ki sake rubuta ko layi ɗaya ki shirya ki je kasuwar. Ki nemi shugabannin ƙungiyar 'yan gwari da shugabar mata, ki gaishe su da ladabi ki nuna takardar makaranta, ki tambaya ko suna da rajistar mambobi. In akwai, alhamdu lillahi kin samu adadi kuma za ki iya zaɓe da ƙuri'a. In babu sai ki bi layi layi ki ƙirga da kanki, ki riƙa ɗaukar kowace mace ta uku ko ta biyar, kuma abin da kika yi shi za ki rubuta, kar ki ce zaɓen ƙuri'a kika yi alhali waɗanda suka sakar miki fuska kawai kika tambaya, ranar difens, ranar da za ki kare aikin a gaban malamai, tambaya ɗaya zata tona.

Harshe ma ki kula da shi. Yawancin matan nan da Hausa za ki yi musu magana ko da ba Hausawa bane, haka Jos take, wasu kuma karanta musu za ki yi ki cike da hannunki. Ki fassara takardar, ki ba wani wanda bai ga ta asalin ba ya mayar da ita Turanci, in ma'ana ta sauya kin san akwai gyara. Ma'aunin Likert ɗin nan na na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba, yana da matsala a wurin iyayenmu saboda kara, duk abin da kika faɗa sai ta ce haka ne 'yata. Gara ki tambayi abin da ya faru, jiya mutum nawa suka biya ki ta waya. Kuma kar ki ce nawa kike samu a rana, babu mai faɗa miki, ki bata zaɓi daga kaza zuwa kaza. Tun farko ki gaya mata ba daga ofishin haraji kike ba kuma ba tallafi kika kawo ba, ba za a rubuta sunanta ba, in bata so ta amsa ba dole.

Ki gwada takardar a kan mata ashirin a wata kasuwar kamar Taminus kafin ki buga da yawa, za ki sha mamakin tambayoyin da ba a gane ba. Da safe lokacin sauke kaya ba mai sauraronki, ki bari sai bayan azahar kasuwa ta lafa. Sannan ki faɗa tun yanzu me za ki yi da amsoshin, in kaso cikin ɗari ne da jadawali Excel ya isa, in kina son ganin ko shekaru ko ilimi na da alaƙa da karɓar taransfa sai ki sa gwajin kai-sikwaya, lissafin da yake nuna irin wannan alaƙa, a manhajar lissafi ta SPSS.

In kin dawo daga Farin Gada ki ja layi a tsakiyar takarda ɗaya, tambayoyinki a hagu, wa za ki tambaya da yadda za ki tambaye shi a dama, ita za ki fara kai wa malaminki kafin ki kashe kuɗin buga babin gaba ɗaya.