Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya: duka ko magani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ɗan shekara 9 ne, ba ya minti biyar a zaune. A Islamiyya kullum da shatin bulala yake dawowa. Likita ya ce lalurar rashin natsuwa ce da suke kira ADHD, ya rubuta magani, amma kakarsa ta ce ƙiriniya ce kawai, kuma maganin ƙwaya ce. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya shirya mana zuri'a.

Ba shi maganin halal ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bin Sharik cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Abin da shari'a ta haramta shi ne mai gusar da hankali, shi kuwa wannan, a ma'aunin da likita ya ƙayyade, tattaro hankalin yaro yake yi. Sai dai kada a ƙara ko a rage da ka, a kuma ɓoye shi daga matasan gida. In ya rage cin abinci ko barci ya gagare shi, a koma wa likitan.

Duka kuwa bai halatta a nan ba. Hadisin dukan yara kan sallah ya ambaci shekara goma, kuma malaman Malikiyya sun sa sharaɗin a yi zaton dukan zai yi amfani. Yaron da aka shekara ana zane shi bai canza ba, ina amfanin? Abin da bulala take koya masa shi ne ƙarya da gudun allo. Balle ma an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya aiki Anas, sai ya ɓige wajen yara masu wasa a kasuwa. Annabi ya zo ta bayansa, ya riƙe ƙeyarsa yana dariya, ya ce: "Unaisu, ka je inda na aike ka?" Shekara goma Anas yana masa hidima bai taɓa jin ko "tir" ba.

Ki sa mahaifinsa ya je ya ga malamin. A ba yaron aya biyu maimakon shafi, a zaunar da shi gaba, shi ne mai rabon littattafai da goge allo don ya riƙa motsawa. In ya kawo hadda, a yaba masa nan take. Ki kiyaye harshenki kuma, domin Muslim ya ruwaito hani ga yi wa 'ya'ya mummunar addu'a. Ita kuwa Kaka, a lallaɓa ta, a tafi da ita asibiti ta ji daga bakin likita.

Wallahu a'alam.