Hukuncin Tagar Bene Mai Leƙa Tsakar Gidan Maƙwabci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina gidan bene a Kano. Mai zanen gidan ya fitar mini da baranda a sama, da manyan tagogi biyu a ɗakin kwana. Da gini ya kai linta sai maƙwabcina ya zo ya ce daga can ana hango tsakar gidansa, inda iyalinsa ke girki da wanki. Fili nawa ne, hukuma kuma ta sa hannu a zanen. Dole ne in canza?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. E, ɗan'uwa, wajibi ne ka gyara tagogin da barandar. Benen kansa babu laifi a kansa.

Gina gida mai kyau gwargwadon wadata halal ne. A mazhabar Malikiyya ba a hana mutum ɗaga gininsa don kawai zai tare wa maƙwabci rana ko iska, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil. Inda shari'a ta tsaya da ƙarfi shi ne tona asirin gida. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Imamu Malik ya kawo hadisin a Muwaɗɗa. A kansa ne Ibn Abi Zaid ya kafa hujja a Risala cewa mutum ba zai buɗe taga kusa, wadda zai riƙa hango maƙwabcinsa ta ciki ba. An kuma ruwaito a Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a kan irin wannan taga: a ajiye gado a ƙarƙashinta, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci, a hana ta.

Ka lura, ba a tambayi niyyar mai gidan ba. Na yarda kai mutumin kirki ne, ba za ka leƙa ba. To samarin gidanka fa, da baƙi, da wanda zai saya ko ya kama haya bayanka? Matar da take wanke-wanke ba mayafi a tsakar gidanta, daga ranar da ta ga taga a saman kanta ta rasa sakewa ke nan, ko da ba kowa a tagar. Iyayenmu ba a banza suka sa zaure da shigifa kafin a kai cikin gida ba.

Sa hannun hukuma ya wanke ka a wajen doka, amma ba ya sarayar da haƙƙin maƙwabci.

Tunda ba a yi rufi ba, gyaran mai sauƙi ne. Ka sa a ɗaga tagogin su wuce tsayin mutumin da ya tsaya a kan gado, za su ba ka haske da iska. Barandar a juya ta ta fuskanci titi ko harabar gidanka, ko a toshe ɓangaren maƙwabcin da bulo har sama. Labule bai wadatar ba, don hannu ɗaya ke yaye shi. Haka baƙin gilashin da ake yayi yanzu: na waje ne ba ya ganinka, kai kana ganinsa sarai. In gilashi za a sa, a sa mai dishi-dishi wanda ba a gane komai ta cikinsa, kuma ya zama ba ya buɗuwa.

Da a ce tagarka ta riga gidansa, da ba a tilasta maka toshewa ba, sai dai a haramta maka leƙe. Amma kai ka same shi a wurin. Ka kira shi ku hau benen tare da mai zanen, ya tsaya a bakin tagar ya duba da idonsa kafin magina su ci gaba.

Wallahu a'alam.