Ta ina zan fara sanin Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, wata biyar kenan da aka kawo ni Kano daga Maraɗi, muna zaune wajen Hotoro. Wallahi har yanzu ban san garin ba, in mun fita da maigida daga shawarma a Zoo Road sai gida, ƴan gidanmu in suka kira suka ce ya Kano take sai na rasa abin faɗa. Ni kuma mai son girki ce da ciye-ciye, dan Allah ta ina zan fara?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Gaskiya ki ce wa maigida ya yi haƙuri ya ajiye motar nan rana ɗaya ku hau adaidaita sahu ku shiga cikin gari, dan Kano ɗin da kike nema tana cikin lunguna inda mota ba ta shiga, kuma kowace unguwa da abin da ta iya da lokacin da ake samunsa.

Ku fara da Jakara da sassafe, nan kusa da kasuwar Kurmi wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Can ne gidan gurasa. Ki tsaya ki ga yadda mace za ta ɗebo ƙullin fulawa ta faɗaɗa shi a tafin hannu ta zura hannun cikin tanderu mai zafi ta manna a jikinsa ko gezau, minti kaɗan ta ɓamɓaro ta bayanta ya yi ja, ki karɓa da zafinta kar ki bari ta huce a leda. Sai ki sa a yi miki bandashe, a ɗan jiƙa gurasar a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, albasa da tumatir a sama. Ni dai wannan na fi so a kan duk wani burodin kanti, kuma ban taɓa kai baƙo wajen ya ce bai ji daɗi ba. Gurasar nan daga Larabawa fatake muka samo ta, waɗanda suka riƙa ƙetaro Sahara suna sauka a unguwannin da ke kewaye da Kurmi, shi ya sa za ki ji sunaye irin su Alfindiki da Dandalin Turawa, Turawan nan kuma Larabawa ake nufi da su a da.

Da hantsi ku gangara Agadasawa, tunda ke ƴar Nijar ce sunan ma zai faɗa miki daga ina kakanninsu suka zo, mutanen Agadas ne. Kilishi ake yi, za ki ga naman an yanyana shi siriri kamar takarda an shanya a rana, in ya bushe a tsoma a labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, a sake shanyawa sannan a nuna masa wuta. Ki ce su ba ki ɗanɗano kafin ki saya, ba sa hanawa.

Sabon Gari kuma wata duniya ce daban, tun zamanin Turawan mulki baƙi daga kudu suke zaune can, to in kina son ki ci sakwara da miyar agushi ko amala yadda masu abin suke yi sai can da rana, ki dai tambaya naman meye kafin a zuba miki, ba abin kunya ba ne. Kwari kuwa wajen atamfa ne amma in yunwa ta kama ki tsakiyar ciniki ba za ki rasa mai ɗanwake da mai da yaji ba.

Tunda kina girki kar ki bar Yankaba a baya, ai kusa da ku ce a kan titin Haɗeja, can ake sauke tumatir da tattasai da albasa kwando-kwando, ki je da safe lokacin da kaya ke sauka. Kayan marmari sai Ƴan Lemo a hanyar Zariya. Kar ku ce za ku gama duka a rana ɗaya, Asabar ɗin nan Jakara da Agadasawa sun ishe ku, ki sa takalmi mara tudu ki riƙe canji da ƴar kula ta zuba gurasa.