PS4 ta hannu ko sabuwar waya? Ga abin da ya faru da ni

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka tara 'yan kuɗinka, ka rasa wanne za ka ɗauka, PS4 ta hannu (na'urar buga wasannin bidiyo a talabijin) ko waya mai ƙarfi da za ta ja wasanni irin su eFootball da Call of Duty ba maƙalewa. Ni ma na tsaya a wannan mararrabar, na kuma bi hanyar da ta ƙona min rai.

Wani yaro, abokin ƙanena, ya kawo min PS4, yana rantsuwa daga waje aka aiko wa yayansa, ba a taɓa kwance ta ba. Minti goma na gwada, FIFA, wasan ƙwallon nan, ta tashi lafiya lau, na ƙirga masa kuɗi. Kwana tara ta yi! Ranar ƙaramar Sallah na tara abokai a ɗakina, an sayo fetur an tayar da inji, kowa na jiran hannu, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, ya zo kansa. Ana tsakiyar Madrid da Barcelona fankarta ta hau ƙugi kamar jirgi zai tashi, sai ɗif. Shuɗiyar fitilar nan kawai ke ƙiftawa. Mai gyara na buɗewa ya nuna min inda aka taɓa gasa ta aka manne. Da na tari yaron, wai injina ne ya ƙona ta. To me ya hana talabijin ɗin ƙonewa? Har gidansu na je, mahaifinsa dattijon kirki ya yi ta ba ni haƙuri, kunyarsa ta sa na bar maganar. Har yau in ya wuce ni a babur sai ya ɗago min hannu, wai "Yaya, barka da yamma". Allah ya isa dai.

Ka lura, tun 2013 PS4 ta fito, yawancin na hannu da za ka samu yanzu sun sha wuya. Sababbin wasanni da dama sun koma PS5, wadda ta gaji PS4, ita kuwa kuɗinta ka sani. Ga fetur, tun da aka cire tallafi a 2023 awa uku a kan inji ba wasa ba ne. In kana son buga FC (sabon sunan wasan FIFA) da mutane ta intanet kuma sai ka biya kuɗin rajistar PS Plus. Waya kuwa caji ɗaya, ko a Adaidaita kake kana bugawa. Ka nemi mai RAM 8GB, wato ƙarfin ƙwaƙwalwar waya, kada ka buga tana jikin caji, batir ɗina haka ya kumbura. Data ma tana tafiya, sabuntawa ɗaya ta Call of Duty sai ta kwashe maka ta sati.

Amma wallahi ba zan ɓoye maka ba, waya ba ta ba ni abin da nake nema. Ka ci mutum huɗu da nema yana zaune kusa da kai, majalisa ta ɗauki ihu, a yi sati ana masa gori, wannan babu shi a waya. Yanzu kowa ya duƙufa a kan tasa, ko gaisuwa da ƙyar.

In zuciyarka ta nace sai PS4, ka je da mai gyaran da ka yarda da shi, a duba sitikar baya a ga ko an taɓa kwance ta, a kunna ta awa biyu cur a gabanka, ka sayi sitabilaiza. Hannuwa biyu kuma kada ka saya, nawa suna nan cikin kwali, ka yi min magana ka zo ka karɓa.