Amsar tambayarki kan shayar da jaririn aron mahaifa

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce bayan shekarun da kuka ɗauka kuna nema, likita ya haɗa ƙwanki da na maigidanki ya dasa a mahaifar wata mata, yanzu ciki ya shiga wata shida. Kina tambaya ko al'ada ta yarda ki ba yaron nono alhali ba ke za ki yi naƙudarsa ba, ko za ki yi wankan jego, da ko a bar matar ta shayar da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, da kin shawarce ni tun farko da na hana. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yi sassauci a 1984 idan kishiya ce za ta ɗauki cikin, a 1985 ta janye. Ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Amman a 1986, haramtawa ta yi. Ku je ku zauna da malamin da kuka amince da shi, ke da mijinki. Amma yaro bai yi laifin komai ba, yana tafe, kuma da yunwarsa zai zo.

Ki shayar da shi. Malamai sun saɓa kan wace ce uwar irin wannan yaro. Wasu sun ce wadda ta haifa, suna kafa hujja da ayar Suratul Mujadala da ta ce uwa ita ce wadda ta haifa, wasu sun ce mai ƙwan. A kan nono kam babu gardama. Suratun Nisa'i, aya ta 23, uwa ta kira macen da ta shayar. A mazhabarmu ta Malikiyya, ko tsotso ɗaya ya kai cikin jariri a cikin shekara biyun farko, shayarwa ta tabbata, ko da macen ba ta taɓa haihuwa ba. To kowane ɓangare aka bi, in ya sha nononki sunan uwa ya hau kanki. Gado dai ba ya bin nono, wannan ki tambayi malam daban.

Al'ada ma ba baƙon abu ba ne a wurinta. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, nonon Suwaiba da Halimatu Sa'adiyya ya sha. Mu nan Agege na ga tsohuwar da 'yarta ta rasu wajen haihuwa, ta ɗauki jikan ta sa a ƙirji dare da rana yana tsotso yana kuka, har ruwa ya zo. Tsotson ne ke kiran nono, ba ciki kaɗai ba.

Kada ki jira haihuwa, ki ga likita a satin nan. Yawanci ana ba mace magani na wasu watanni jiki ya ɗauka ciki gare shi, a tsayar kamar mako shida kafin haihuwa, sannan ta kama tatsa bayan kowace awa uku, har da tsakar dare. Da farko ɗigo biyu za ki gani a gindin kwalba, kada ki karaya. Maganin kawo nono kuma kada ki saya a kemis da kanki, wani yana taɓa bugun zuciya. A gwada jininki da na matar. Da wuya nonon ya ishe shi shi kaɗai, shi ya sa ake manna siririn bututu a gefen kan nono, ɗayan bakin a cikin kwalbar madara: yana tsotsonki yana ƙoshi, nonon yana ƙaruwa. Ki nemi hutu a wurin aiki tun yanzu, don mai kwana a cunkoson gadar Third Mainland ba ta iya wannan tatsar. Ki kuma yi tanadin firji saboda ɗauke wuta.

Wankan jego ba naki ba ne, na jikin da ya haihu ne. Ko ita ma a sassauta mata, don likitocin Zariya sun daɗe da danganta tafasasshen ruwa da kunun kanwa mai yawa da ciwon zuciyar masu jego. Ke ki sha kunun gyaɗa, ki ci ki ƙoshi, ki yi barci in kin samu. Ranar bakwai a yanka rago a raɗa suna kamar kowane ɗa.

Batun matar ne ya fi tsaya mini a rai. Dakashi, wato nonon farko mai kauri rawaya-rawaya da iyayenmu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin jariri, kuma a ƙirjinta zai zo, ba naki ba. In ta yarda, ta ba shi na kwanakin farko, ko a tatso a cokali. Kada kishi ya hana ki. Sai dai daga ranar 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu har abada. Ko bai sha ba ma, wata tara a cikinta ya isa a kiyaye. Legas gari ne da mutum ke tashi daga Idi-Araba yau, gobe a neme shi a rasa, masu haɗa irin wannan harka kuma sun fi son kowa ya kama gabansa ba a san juna ba. Kada ki yarda. Ki rubuta sunanta, garinsu da sunayen 'ya'yanta, shaidu biyu su sa hannu, ki adana tare da takardar haihuwa. In yaro ya yi hankali ki gaya masa da bakinki.

Bayan kuɗin da kuka yi yarjejeniya, ki kai mata kayan barka, atamfa da sabulu da abinci, ki duba ta har ta yi arba'in. Ki sanar da ni ranar da likita ya sa, zan zo in zauna da ke har suna.

Gwaggonki.